Kwaɗo Ya Ƙi Ci, Masu Shi Sun Rikice

A Amurka da Turai akwai masu sayen kwaɗo da kuɗinsu su ajiye a ɗaki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi so shi ne Pacman, ɗan asalin Kudancin Amurka, ƙato mai faɗin baki. Sai dai ɗan ƙaraminsa kan yi kwanaki bai ci komai ba idan aka sauya masa gida, kuma a nan ne halin mai shi yake fitowa.

Na farko shi ne Mai Karamci. Wannan zai yanko nama ya ajiye a gaban kwaɗo, ya koma gefe yana jiran godiya. Bai san cewa kwaɗo abin da ke motsi yake kai wa hari ba. Gyare mai rai ko tana yake so, kuma kada girman abin ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu.

Sai Sarkin Leƙe. Kafin azahar ya buɗe akwati sau goma, ya tono kwaɗon daga ƙasar da ya binne kansa, ya ɗora a tafin hannu ya ɗauki hoto. Sannan ya ce, "Wai me ke damunsa ne?" Malam, kai ne ke damunsa. Ga tsoro, ga man shafawa da sabulun hannunka da fatarsa ke zuƙa.

Akwai Mai Fada, wanda ya saya wa ɗan mitsitsin kwaɗo makeken akwatin gilashi da fitila mai haske kamar gidan biki. Gyare na can gabas, kwaɗo na can yamma, har abada ba za su haɗu ba. Ga shi ya cika kwano da ruwan famfo mai kulorin, alhali kwaɗo ta fatar cikinsa yake shan ruwa.

Ga kuma Uwar Ɗura. Ita kwana biyu kawai ta ba kwaɗon, rana ta uku ta ɗauko cokali za ta buɗe masa baki da ƙarfi. Ɗura aikin likitan dabbobi ne, shi ma sai idan kwaɗon ya fara ramewa.

Mai Tsimi ba ya sayen gyare. Gona yake zuwa ya kamo fara, wataƙila wadda aka yi wa feshi jiya.

Na ƙarshe shi ne wanda abokansa ke kira malalaci. Ya zuba ƙasa mai damshi a ƙaramin akwati, ya yi wa kwaɗon maɓoya, ya riƙe ɗumin wurin tsakanin digiri 24 zuwa 28. Da dare ya saki gyare biyu da aka barbaɗa wa hodar kalsiyam, ya kashe fitila, ya tafi ya kwanta. A cikinsu duka, kwaɗon wannan malalacin ne ya fi saurin fara ci.