Damisa Ta Riƙe Mini Hula

Kawuna maharbi ne tun yana saurayi, har yanar ido ta raba shi da daji. Da 'ya'yansa suka haɗa kuɗin yi masa aiki a Indiya, sai aka ɗora mini rakiya, wai ina jin Turanci kuma na sha kallon finafinan ƙasar. Aiki ya yi kyau a Jaipur. Ranar da aka cire masa bandeji, furfurata ya fara gani, ya tambaye ni yaushe na tsufa haka ba a gaya masa ba.

Likita ya sallame mu, jirginmu kuma da saura. Mai masaukinmu ya ce bai kamata baƙo ya bar jihar Rajasthan bai leƙa gandun Ranthambore ya ga damisa ba, irin manyan nan masu ratsin baƙi. Kawu na jin haka ya miƙe zaune, ya ce sabon ido ai a daji ake gwada shi. Muka hau jirgin ƙasa sai Sawai Madhopur, garin da ke bakin gandun.

An raba dajin shiyya goma, kuma mota iri biyu ke shiga: ƙaramar jif mai ɗaukar mutum shida, da babba mai kujera ashirin da suke kira kanta. Aljihunmu ya zaɓa mana kanta. Da asubar Janairu, sanyi na ratsa ƙashi, Kawu ya kewaya motar ya dube ta sama da ƙasa. Ba rufi, ba gilashi, tamkar a-kori-kurar ranar kasuwa.

"Kai yaro, a wannan za a je wurin damisa?"

"A ita, Kawu."

"Ina bindigar direba?"

"Babu. An hana."

"To ko gora?"

Na ce babu gora. Ya yi salati, ya zaɓi kujerar tsakiya, ya tura ni ta gefe.

Abokan tafiyarmu masu kallon tsuntsaye ne, rabi Indiyawa rabi Turawa, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafin rubuta abin da ya gani. Shugabarsu wata dattijuwar Baturiya ce mai rawar kai. Muna wucewa ta gindin tsohuwar ganuwar Ranthambore, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ja-gora ya soma bayani ina fassarawa. Ya ce dajin nan filin farautar sarakunan Jaipur ne a da, har ma a 1961 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya harbe damisa a nan. A 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta kafa shirin ceto damisa, Ranthambore na cikin gandaye tara na farko. Ƙidayar 2022 ta kiyasta damisa 3,682 a faɗin Indiya.

Kawu ya gyaɗa kai. "Wato manya sun ci sun ƙoshi, sannan suka ja ƙofa."

Baturiya ta tambaye ni me tsoho ya ce. Na ce yana yaba wa hukuma. Daga nan aikina ya tashi daga tafinta ya koma lauya.

Ba mu yi nisa ba Kawu ya nuna gindin wani itace da suke kira dhok, wanda ɗan'uwan markenmu ne. "Ga fakara can a laɓe. Dubi ƙirjinta. Wannan da yaji da ɗan man shanu, ai sai dai a kira liman ya sa albarka." Mutum goma sha takwas suka juya madubai, suka yi ta lalube, can sai ihu ya tashi ƙasa-ƙasa: sun gan ta. Na ce wa Baturiya Kawu na cewa ƙibar tsuntsuwar alama ce ta lafiyar daji. Ta rubuta.

Haka aka yi ta yi. Kafin ja-gora ya ɗaga hannu Kawu ya riga ya gani: tsirya a bakin kogon itace, irin tamu sak mai jan baki, mujiya na gyangyaɗi a inuwa, zalɓe a gefen tafkin Padam Talao, da kadan da kowa ya ɗauka gungume ne. Kowanne kuma da hukuncinsa. Zalɓe ƙarni, tsirya ba nama sai surutu. Da ɗawisu ya baje jela a tsakiyar hanya, Kawu ya ce talotalo ne da ya samu sarauta, ya tambayi nawa ake sayar da kilo. Na raɗa masa cewa tsuntsun ƙasar Indiya ne, taɓa shi na iya kai mutum gidan yari. Ga Baturiya kuwa na ce yana tasbihi ne. Kafin hantsi ta soma kiransa farfesa.

Akwai wani tsuntsu a dajin nan, ɗan'uwan hankaka, mai baƙin kai da jiki ruwan ƙasa da doguwar jela. 'Yan yawon buɗe ido sun lalata shi da biskit har ya daina jin kunyar kowa. Duk kawunan da ke motar nan bai ga na sauka ba sai nawa. Na ji farata a kan zanna bukar ɗina, na kai duka, tsuntsu ya tashi, hula ta gangara tsakiyar hanya. Na ɗaga ƙafa zan dira, ja-gora ya cafke rigata. Doka ce, ba mai taka ƙasa a nan. Ya ce in mun juyo zai zaƙulo ta da sanda. Haka na ci gaba da tafiya da sanƙo a waje, iska na kaɗa shi, ƙura na shiga hanci.

A hanyar dawowa Kawu ya dafa gwiwata. "Mai dajin na kusa." Ban ji komai ba. Sai can wata babbar barewa da suke kira sambar ta buga wata irin kuwwa guda, birai masu baƙar fuska suka amsa daga saman itatuwa. Ja-gora ya ce wannan kukan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Direba ya kashe inji daidai inda hulata ke kwance, motoci suka taru, aka umarci kowa ya yi tsit.

A nan atishawa ta zo. Na danne ta da hannu biyu, na karanta abin da na sani, ta ƙi. Da ta fashe sai da tsuntsaye suka watse. Na ce alhamdulillahi a ciki-ciki. Kawu, wanda aka gyara wa ido ba a taɓa kunne ba, ya ɗaga murya:

"Yarhamukallah!"

Idanu suka yo kanmu daga motoci duka. Na sunkuyar da kai.

"Ba ka amsa ba," in ji Kawu. "Don mun zo ƙasar mutane sai a bar sunna?"

Ina cikin amsawa damisa ta fito daga ciyawa. Ko kallonmu ba ta yi ba. Tana tafe a kan ƙurar hanya, kafaɗu na hawa da sauka, ja-gora na raɗa cewa jinin Machli ce, damisar nan da ta yi suna wajen kashe kada, ta mutu a 2016. Ta zo kan hulata ta tsaya. Ta shinshina, ta ɗaga kai, ta yamutsa fuska, ta zaro harshe. Ja-gora ya ce haka suke yi idan suna tantance baƙon wari.

"Shekara nawa ina ce maka ka wanke hular nan?" in ji Kawu.

Wannan kam ban fassara ba.

Ta kwanta, ta ɗora dagi a kan hular, kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas. Na lura a karon farko Kawu bai yanke hukunci ba. Na ce, "Kawu, wannan fa da wace miya?" Bai ɗauke ido daga kanta ba ya ce, "Wannan ita ke zaɓar miya. Matsa can, kai ne a gefe."

Lokacin fita ya yi, ita kuwa ba ta da niyyar tashi. Ja-gora ya dubi sandarsa, ya dubi damisa, ya ba ni haƙuri. A bakin ƙofa Baturiya ta nemi sunan jami'ar da farfesa ke koyarwa. Na ce ya yi ritaya.

Yanzu duk yamma Kawu na ba da labarin a majalisa. A bakinsa, damisa ta yo kan motar gadan-gadan, shi ya daka mata tsawa da Larabci ta tsaya cak, ni kuma na jefa mata hula na shige ƙarƙashin kujera. Na so in kafa shaidu, amma duk shaiduna ba sa jin Hausa.