Benen "Nan Gaba"

Akwai wata shuka da ta karɓi ƙasarmu, tun daga Mawashi zuwa Kusada har Kankiya, ba ta neman taki, ba ta jiran damina. Rodi ke nan. Ɗaga kai ka dubi saman sababbin gidaje, za ka gan shi cirko-cirko a kan dekin, ya yi jajir da tsatsa, yana jiran ranar da za a ɗora masa bene.

Tambayi mai gidan, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ai na sama sai nan gaba, in an sayar da wake." Aka sayar da wake, aka ƙara aure. Aka sake sayarwa, aka yi suna. Yaron da aka raɗa wa suna makon zuba dekin, yau shi ke hawa can neman sabis ɗin waya.

Kada dai a ce an yi asara. Uwargida ta ɗaura igiyar shanya tsakanin rodi biyu, amarya ta baza kuɓewa da barkono, akuya kuwa ta fi kowa iya matakala. Wato Alhaji ya narka siminti buhu-buhu don barkono ya sami wurin shan rana.

Wanda Allah ya nufa ya kammala nasa ma bai huta ba. Ranar tarewa maƙwabci zai yi sallama: "Alhaji, Allah sa alheri. Amma wannan tagar taka fa tsakar gidana take kallo, ga iyali." Sai a kira birkila ya toshe ta da bulo. Bazara ta shigo, kwano ya ɗau zafi, ba wuta, ba taga, ruwan alwala sai an hau da jarka. Gwiwa kuma ta ce ba da ita aka yi shawara ba. Kafin damina ta faɗi, mai bene ya dawo tabarma gindin darbejiya, sama kuwa an jibge buhunan gero, tattabaru na gadi. Rumbu ne dai, sai dai an shafa masa fenti.

Ba yau Bakatsine ya fara hawa sama ba. Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, laka ce tsagwaronta, kimanin ƙafa 50, ga ta nan tsaye a birnin Katsina. Maginan da suka yi soraye da tubali da azarar giginya, suka shafe da makuba, in sun kai ƙarshe zanko suke kafawa, kowa ya san aiki ya ƙare. A soron nan kuwa ana barcin rana ko a tsakiyar watan Afrilu.

Don haka mai shirin zuba dekin bana, don Allah kafin ka kira birkila, ka zauna da mutum uku tukuna: aljihunka, gwiwarka, da maƙwabcinka.