Tafkin Wanka a Tsiga

A Tsiga ba a tambayar mai aiki me ya iya, sai dai a tambaya ko yana gari. Muna da wani da kowa ke kira Injiniya: shi ne birkila, shi ke gyaran famfo, shi ke haɗa wayar wuta, damina ta faɗi kuma ya tafi noman masararsa. Shi na aika a kira mini da na sayar da waken suya, kuɗi suka fara yi mini raɗa a kunne cewa yarana ma sun isa su yi iyo irin na otel ɗin Kano.

Na nuna masa hoto a waya. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Alhaji, ai wannan sokawe ne marar murfi. Sha kuruminka."

Ya haƙa mita 4 tsawo, 3 faɗi, zurfi mita 1, ya shafe da siminti, muka sayo shuɗin fenti a Funtua. Sai a lokacin aka yi lissafin ruwa: lita 12,000, wato jarka 480. 'Yan garuwa har da durƙusawa suke gaishe ni. Washegari rabin ruwan ya yi layar zana. Injiniya ya leƙa, ya ce sabon siminti ne ke shan rabonsa. Katangar maƙwabcina ma ta sha nata, don da kansa ya zo ya faɗa mini, ba sallama.

Aka toshe, aka sake cikawa. Kafin mako ya zagayo ruwa ya koma miyar kuka. Injiniya ya ce alimun ne maganinsa. Alimun ya kwantar da laka, gansakuka kuwa ko gezau. Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi mana bayani: sai da kulorin, kuma rana tana cinye shi, dole a riƙa ƙarawa, a riƙa auna tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, sannan a sami injin da zai riƙa juya ruwan ta cikin matatar yashi kullum. Kullum fa, da wannan wutar tamu! Na tambayi Injiniya ina ya bar hanyar zubar da ruwa. Ya ce, "Ba ka da bokiti ne, Alhaji?"

Kulorin dai da gwangwanin tumatir ya auna. Na shiga gwaji da baƙin wando, na fito da mai ruwan toka, idanuna jawur. Da ƙarfin kulorin ya gushe kwaɗi suka tare, sauro ya kafa gari, akuyar maƙwabcin nan ta faɗa ciki sai da tsani. Uwargida ta ce, "Malam, akuya ce yau, gobe Auta ne. Ko a kewaye, ko in tafi da shi gidanmu Bakori." Aka kewaye da waya a ranar.

Injiniya ne dai ya kawo mafita, kuma ya karɓi kuɗin shawara: a daina kulorin, a zuba 'ya'yan tarwada. Ya rantse tun ranar farko ya san wurin kifi yake ginawa, kunyata ya ji.

Mai son tarwada ya zo bayan La'asar, ba na ba da bashi. Mai son wanka kuma, bokiti yana bayi.