Daddawar Inna a Ƙasar Duriyan

Duk ɗalibin da zai tafi karatu waje, akwai jakar da ba shi ke shirya ta ba. Kamfanin jirgi ya ce jaka biyu, kowace kada ta wuce kilo 23. Inna ta ce ɗaya tata ce. Ta loda kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, man shanu a gorar ruwa, sannan daddawa ƙulli-ƙulli, leda cikin leda, an kuma ɗaure da tsohon zani. Na ce, "Inna, Malesiya fa ƙasar Musulmi ce, akwai abinci." Ta ce, "Musulunci daban, miya daban."

Daren da na sauka a gidan kwanan ɗalibai, a gefen Kwala Lumfur, na tarar da wuta. Ban tsaya hutawa ba, na goge kayana kaf, har da safa, kafin a ɗauke. Na ga famfo na zuba, na cika bokiti na tura ƙarƙashin gado. Abokin ɗakina, ɗan Indunusiya, ya zuba mini ido, can ya tambaye ni cikin ladabi ko an yi sanarwar wani bala'i ne bai ji ba. Wuta ba ta ɗauke ba, ruwa bai yanke ba. Bokitin nan ya zauna har sauro ya fara zawarcinsa, a ƙasar da ake cin tarar mutum in an samu tsutsar sauro a gidansa saboda zazzaɓin dengi.

Gaisuwa ma ta ba ni kashi. Mu a gida sai an bi kwana da gajiya da iyali da kwana biyu kafin a shiga magana. Su kuwa da an haɗu sai a tambaye ka ko ka ci abinci. Ranar farko na ce ban ci ba, na gyara tsayuwa ina jiran a ce bismilla. Mutumin ya ce, "To, je ka ci," ya wuce abinsa. Ga kuma tazarar awa bakwai tsakaninmu da gida: idan dangi sun idar da Isha'i sun ƙoshi sun tuna da ni, ƙarfe uku na dare ne a wurina. Kuma duk mai kira, a lissafinsa wanda ya hau jirgi ya yi kuɗi, saƙonsa na waya sabuwa ne.

Amma babbar jarrabawata ba a aji ta zo ba. Jami'a ta sa ranar baje kolin al'adu, kowace ƙasa ta kawo tufafinta da abincinta. A taron 'yan Nijeriya, Yarbawa suka ɗauki dafa-duka, Inyamurai suka ɗauki miyar agushi, sai ido ya dawo kaina. "Malam, ai kai ke da kayan miya. Ka yi mana tuwo." Ni da ban taɓa riƙe muciya ba. A gidanmu namiji ya leƙa madafa, da mafici ake koro shi. Amma wane Bakano ne zai tsaya gaban jama'a ya ce bai iya tuwo ba? Na ce, "Wannan ai wasa ne."

Na je kanti na ce ina son shinkafa mai kama jikinta. Mai kanti ya yi murmushin wanda ya gane, ya miƙo mini wadda suke kira pulut. Shinkafa ce mai danƙo da suke yin kayan zaƙi da ita, ita ce kuma suke dafawa da madarar kwakwa a cikin gora lokacin Sallah. A ido dai shinkafa ce fara tas.

Da Asubar ranar bikin, wadda a can sai wajen ƙarfe shida take yi, na shiga madafar da duk 'yan hawanmu ke amfani da ita, na kira Inna ta bidiyo. A Kano sha ɗayan dare ne, ta tashi zaune tana gyara ɗankwali. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana.

"Kai wannan, lafiya?"

"Inna, tuwo zan yi. Ruwa nawa ake sa wa?"

"Daidai."

"Kuka fa?"

"Daidai misali. Idonka zai gaya maka."

Idona bai gaya mini komai ba. Shinkafar ta nuna, na sa ludayin katako na fara tuƙi. Juyi na farko ya yi nauyi, na biyu na sa ƙafa na danne kanta, ana cikin haka ludayin ya ce ƙas, rabinsa ya tsaya cak a tsakiyar tukunya kamar turken akuya. Na koma kan miya. Babu maburgi, sai na kaɗa kuka da cokali mai yatsu, gudaji suka taso suna iyo. Da na tambayi daddawa, Inna ta buɗe baki ke nan hoton ya daskare. Har gobe ina nan kan bakana cewa na ji ta ce "duka". Ita ta ce "daka" ta ce. Na dandaƙe rabin guzurina da gindin kwalba, na antaya.

Wanda ya tashi a gidan da ake girki da daddawa, ƙanshi yake ji. Na lumshe ido, na ga tsakar gidanmu bayan Magariba. Da na buɗe, sai na ga ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Bangaladash ya fito ya toshe hanci da gefen zaninsa. Ɗan Yaman ya fito da kaskon turaren wuta yana zagaye yana neman tsari. Can sai ga mai kula da gidan, da wani ma'aikaci riƙe da tocila da doguwar sanda. An kai musu rahoton ɓera ya mutu a silin. Suka bi hanci, suka wuce banɗaki, suka wuce kwandon shara, suka tsaya a kan tukunyata.

A nan raina ya ɓaci, domin laifi tudu ne. Waɗannan mutane fa su ne kullum da yamma ke gasa belacan, wato ƙananan jatanlande da aka cakuɗa da gishiri, aka bari suka ruɓa, aka shanya. Su ne ke sayen duriyan a ɓoye, wannan ɗan itace mai ƙaya da otal-otal ke manna hotonsa da jan layi a bakin ƙofa saboda warinsa. Shi ma ɗan Bangaladash mai toshe hanci yana da busasshen kifin da in ya soya, ƙudan unguwa ke zuwa ta'aziyya. Duk wannan na haɗiye shi da sunan baƙunta. Ranar da hancina ya samu hutu, ranar aka kira mai tocila.

Dattijuwar da ke share mana hawa ce ta raba gardama. Makci muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk macen da ta kai sa'ar uwa. Ta ture maza, ta ɗauki ɓallin daddawa, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta tambayi daga wace bishiya take. Na nuna mata hoton ɗorawa a waya, da furenta mai lilo da dogayen 'ya'yanta. Ta tafa hannu ta ce, "Petai!" Wani mai karatun aikin gona ya duba, ya ce ƙwarai kuwa, dangi ɗaya ne, masana na kiransa Parkia. Su suna cin ƙwayar tana kore, a soya da barkono da jatanlande, warinta ya kwana a bakin mutum. Mu muna dafa kalwa, mu rufe ta kwanaki ta ruɓa, mu kirɓa mu shanya. Ashe 'yan uwa ne ke yi wa juna kallon ƙazami.

Makci ta ƙwace girkin. Ta tace gudajin da rariya, ta ƙara barkono, sannan, ina ji ina gani, ta jefa belacan cikin miyar kuka. Tuwon kuwa ya gagari mara. Da wuƙa aka yanka shi murabba'i-murabba'i, aka zaro guntun ludayin.

A wurin bikin na sha babbar riga da hula, ina zufa. Don in huce haushi, na shaida wa masu zuwa teburinmu cewa kwakwar manjan da ƙasarsu ke taƙama da ita asalinta daga Afirka ta Yamma take, gonar kasuwanci ta farko a wurinsu sai a 1917 aka dasa ta a jihar Salango. Wata ɗaliba ta gyaɗa kai ta ce, "Gaskiya ne. To ku me kuka yi da taku?" Na ce ta ɗanɗana tuwo.

Ta ɗauki yanka, ta juya shi, ta gane pulut ɗin gidansu. Ta leƙa teburin maƙwabta ta ɗebo madarar kwakwa da narkakken sukarin kwakwa na Malaka, ta kwarara a kai. Kafin a jima layi ya kafu. Tuwona ya ƙare tas a matsayin kayan zaƙi, mutane na cewa ashe abincin Nijeriya da nasu ɗaya ne. Miyar kuwa mu uku muka sha: ni, da Makci, da wani ɗan Sudan da ƙanshi ya jawo daga ƙarshen zaure. Ya tsaya a kaina ya ce da Hausa, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Bahaushen Mai Wurno ne. Ya shanye kwano biyu, ya ce miyar kakarsa ce sak, in ban da wani ɗan ƙarnin teku da ya kasa gane kansa.

Daga baya aka yi sulhu a hawanmu, aka manna takarda a ƙofar madafa: daddawa Asabar, busasshen kifi Lahadi, belacan kullum don su ke da ƙasa, duriyan a ƙarƙashin bishiya. Makci ta sa sharaɗin cewa in na je hutu, ƙulli biyu nata ne.

Na tura wa Inna hoton tuwon, yana ninƙaya cikin madarar kwakwa, ga layin mutane a bayansa. Ba ta ce mini komai ba. Ƙanwata ce ta ba ni labari: Inna ta daɗe tana kallon hoton, ta ajiye wayar, ta aika a kira Baffa. Da ya zo ta ce, "Alhaji, yaron nan a nema masa mata kafin ya gama zubar mana da mutunci a ƙasar mutane."