Ire-iren Mutanen da Gasar Ƙirƙirar Wasan Bidiyo Ke Tarawa

Gasar ƙirƙirar wasan bidiyo ta matasa iri biyu ce. A ɗaya, tunani ake aunawa: yaro ya rubuta yadda wasansa zai kasance, ya zana jarumin, ya bayyana dokoki. A ɗayar kuwa aiki ake so a gani, wato samfur, ɗanyen wasan da ba a yi masa ado ba amma idan aka danna yana motsi. Gasar matasa ta hukumar BAFTA a Birtaniya, wadda aka fara a 2010, ta haɗa duka biyun, tana karɓar 'yan shekara 10 zuwa 18. Global Game Jam, da ta samo asali a 2009, jigo take bayarwa a ce a gina wasa cikin sa'a 48. A shafin itch.io kuma irin waɗannan gasanni ba sa yankewa, kuma yawancinsu ba sa tambayar ƙasar mutum. A gida Nijeriya, kamfanin Maliyo Games na Legas ya fara horar da masu gina wasa a shirin GameUp Africa a 2021, shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da ya zo a 2023 shi ma ya sa wannan fanni cikin darussansa. Saboda haka samarin Ƙofar Marke, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofi takwas na birnin Sakkwato, ba sa buƙatar biza kafin su shiga sahu. Abin da suke buƙata kwamfuta ce, da data, da wuta, da kuma haƙurin zama da mutanen da za a bayyana a nan.

Wanda ke fara bayyana shi ne mai tunani. Shi ke kiran taro, kuma shi ke raɗa wa ƙungiya suna tun ba a rubuta layi ɗaya na manhaja ba. Wasan da ke cikin kansa ya ƙunshi birnin Sakkwato kaf: ɗan wasa zai hau kabu-kabu daga Ƙofar Marke, ya ratsa ta Ƙofar Rini, ya sauka ya hau doki, ya shiga kasuwa ya yi ciniki, kuma kowane ɗan kasuwa zai ba shi amsa da muryarsa ta kansa. Idan aka tambaye shi kwana nawa aikin zai ci, sai ya ce, "Wanga ai ƙaramin aiki na." Wasan da yake kwaikwayo ba tare da ya sani ba shi ne Grand Theft Auto V na 2013, wanda fiye da mutum 1,000 suka shafe shekaru suna yi. Ƙungiyarsa mutum huɗu ce, ɗaya ma yana da jarabawar JAMB a gaba. Kowace safiya yakan zo da ƙari: jiya ya kwana yana tunanin a sa ruwan sama, a sa raƙuma, a sa mutum hamsin su buga tare ta intanet. Duk da haka ba a raina shi, domin a gasar tunani irinsa ke ciyo kyauta. Matsalarsa tana farawa ne ranar da aka ce to, a gina.

Mai rubuta manhaja akasinsa ne. Ba ya magana a taro, sai dai ya sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci raƙumi, don shi kaɗai ya san cewa dabba mai ƙafa huɗu aikin mako biyu ce. Yawanci da Scratch ya fara, manhajar yara da jami'ar MIT ta fitar a 2007, inda ake jera umarni ba tare da rubutu ba, daga baya ya koma manhajojin gina wasa irin su Unity ko Godot. A kan waɗannan biyun yana da ra'ayi mai zafi, kuma nan ne kawai ake jin muryarsa ta tashi. Dare ne ranarsa, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, fankar kwamfuta ta yi ta kuka har na'urar ta mutu da kanta. Jimlarsa da kowa ya haddace ita ce, "A kwamfutata yana aiki." Gaskiya yake faɗa. A wayar alƙalin gasa ne kawai jarumin ke nutsewa cikin ƙasa ya ɓace.

Akwai kuma memba na dole, mai laftof. Bai iya zane ba, bai iya manhaja ba, amma yayansa ya aiko masa da na'ura mai kyau, don haka sunansa na biyu a takarda. Ɗan'uwansa a wannan matsayi shi ne wanda gidansu ke da sola. Idan Kaduna Electric, wadda har yau unguwa ke kira NEPA, ta ɗauke wuta, ra'ayinsa a kan launin rigar jarumi yakan zama doka.

Mai zane mutum ne mai son cikar aiki, kuma wannan ne ciwonsa. An ce ya zana mahayi, sai ya shafe mako uku a kan naɗin rawani, yana gyara kunnuwansa, yana kawo hujja cewa naɗin basarake daban, na malami daban. Hujjarsa daidai ce, lokacin ne ba nata ba. A sana'ar gina wasa, da akwatuna da da'irori marasa launi ake fara samfur, don a gane ko tsalle da gudu suna da daɗi kafin a ɓata ƙarfi a kan ado. Saboda haka ranar miƙa aiki, jarumin yakan fito a matsayin akwati mai toka-toka, rawanin kuma yana can cikin waya, ya yi kyau ƙwarai.

Gwanin gidan gem ya yi imani cewa wanda ya iya ci ya iya girki. Shekara biyar yana lallasa sa'o'insa a PES da FIFA, don haka yana ganin shi ya kamata a fara tuntuɓa. Hukuncinsa a kan kowane samfur ɗaya ne: hoton bai kai na PlayStation ba. Amma idan aka miƙa masa wayar aka rabu da shi, cikin minti biyar zai gano kusurwar da ake ratsa bango, da dabarar da ake tara maki ba tare da an yi wasan ba. Ƙungiya mai wayo takan bar shi ya yi ta kushe, tana rubutawa. Wanda ya fi shi amfani shi ne ƙanen wani ɗan shekara bakwai, wanda ba ya karanta umarni, yana danna komai lokaci guda, kuma idan wasan bai yi masa ba sai ya ajiye wayar ya fita, babu kara.

Wani lokaci akan yi dace da dattijon dara. Samari sun yanke shawarar mayar da dara cikin waya, suna ganin abu ne mai sauƙi: gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Sai dattijo ya karɓi wayar ya juya ta, ya ce ba haka ake yi ba, jeri huɗu ba ya ci, kuma ba a jera uku tun ana zuba 'ya'ya. Mai manhaja zai ce, "Baba, haka muka gani a intanet." Amsar da zai samu ita ce intanet ɗin ba ta taɓa zama gindin darbejiya an cinye ta ba. Wannan dattijo, da bai san me ake kira Unity ba, shi ne ya fi kowa a wurin sanin abin da ake nufi da tsara wasa, domin aikin dokoki ne da daidaita su.

Mutumin da ba a cika lura da shi ba shi ne mai yankewa, kuma sau da yawa mace ce, ƙanwa ko 'yar ajin wani, mai riƙe da littafi da biro. Ita ke soke raƙumi, ta soke ruwan sama, ta rage birni ya koma lungu ɗaya da mataki uku. Ana jin haushinta har ranar miƙa aiki. Tarihin sana'ar yana bayanta: Flappy Bird, da Dong Nguyen na ƙasar Biyetnam ya fitar a 2013, dannawa ɗaya ce tak, Duke Nukem Forever kuwa an sanar da shi a 1997 bai fito ba sai 2011.

Idan Allah ya sa aka yi nasara, sabon ayari ke sauka. Kan gaba kawu ne, wanda watanni uku da suka wuce ya ce yaron nan ya lalace da wasan banza. Yanzu shi ke shaida wa majalisa cewa tun yaron na goye ya ga alama. Bayan barka, tambayarsa ɗaya ce: "Kai ɗana, nawa anka ba ku?" Bayyana masa cewa kyautar irin wannan gasa galibi horo ce, da lasisin manhaja, da ƙwararren da zai riƙa duba aikin, abu ne mai wuya, kuma yakan tashi da zargin ana ɓoye masa wani abu. Bayansa akwai manajan da ba wanda ya naɗa, mai cewa ya san wani da ya san wani a Abuja. Akwai ɗan Facebook da ya ɗora hoton ƙungiyar ya sa kansa a tsakiya. Akwai kuma wanda ke rantsuwa cewa tunanin nasa ne, ya faɗe shi a teburin mai shayi bara, shaidunsa dai sun yi tafiya.

Cin gasa ba ya gama wasa. Bayan an watse, samfurin yana nan da kurakuransa, yana jiran a gwada shi a kan ƙananan wayoyin Tecno da Itel da mutanen unguwa ke riƙewa, a rage masa nauyi don kada ya cinye data, a sa masa sauti. A wannan mataki mai tunani ya riga ya koma kan wani sabon wasa da ya fi na farko girma, mai laftof ya karɓi kayarsa, sai mai manhaja da mai littafi suka rage. Kafin wasan ya hau Google Play, ana biyan dala 25 na rajista, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya samo mutum 12 da za su riƙe wasan a wayoyinsu suna gwadawa kwana 14 a jere. Cikin waɗanda suka cika hoton ranar nasara, samun waɗannan 12 ɗin ya fi haɗa dala 25 wuya.