Sarkin da aka sallama da fansho

A shekarar 476 sojojin haya na Italiya suka nemi a yanka musu gonaki. Orestes, wanda ya ɗora ɗansa Romulus kan gadon sarautar Rum, ya ce a kai kasuwa. Sojojin suka naɗa wani jagoransu, Odowakar, sarki, suka aika Orestes lahira.

Yaron kuwa ko mari bai sha ba. An tuɓe shi a Rabenna, aka ba shi gida a Kampaniya da fanshon zinari 6,000 duk shekara. Wannan ai ba tuɓewa ba ce, hutu ne!

Kayan sarautar kuma aka aika wa Zeno, sarkin Rum ta gabas, a Kustantiniyya, wai sarki ɗaya ya isa. Zeno, da bai daɗe da ƙwato tasa kujerar ba, ya ce ai su maido da Nefos, tsohon sarkin da ke Dalmatiya. Babu wanda ya je ɗauko shi.