Kiɗan da Ba Ya Wasa Kowa

Gilasgo, Sikotland

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

  Yaya ƙafar Kawu? Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ina cin abinci, ina sa rigar sanyi, kuma ban auri Baturiya ba. Na san kai ne kake kai mata wannan labarin, Allah ya shirye ka.

Saƙonka ya iso, wanda kake tambaya wane irin ƙugi ne ka ji yana tashi a ɗakina ranar da muka yi waya, har kana shawarar a nemo mai ruƙiyya. Kwantar da hankalinka, kiɗa ne. Sunansa fos-rok, kuma wani marubucin Ingila, Simon Reynolds, shi ya yayata sunan a 1994 da yake sharhi kan faifan wata ƙungiya mai suna Bark Psychosis. Kayan aikin masu irin wannan kiɗa jita ce biyu ko uku, da ganguna, wani lokaci da abin goge irin na Turawa. Abin da babu shi ne abin da kai kake kira waƙa. Yawanci ba mai buɗe baki. Ba 'yan amshi, ba sanƙira, ba ubangida. Shata kan kama mutum tun daga kakansa ya gangaro da shi har kan motar da ya saya bara, amma waɗannan sai su yi minti ashirin suna kiɗa ba a ambaci uban kowa ba.

Wani Bature da muke aikin dare tare a sito ne ya jefa ni a ciki. Ɗan asalin garin nan ne, kuma Turancin mutanen Gilasgo ba shi ne wanda aka yi mana bulala a kansa a firamare ba. Idan ya yi magana sai in ce "eh" in yi dariya, in bar wa Allah sauran. Da ya gaji da ni sai ya cusa min iyafis a kunne, muka samu yaren da ba a buƙatar tafinta.

Ga yadda abin yake. Ka san hadarin farkon damina, yadda zai haɗo daga gabas a hankali, gari ya yi tsit, iska ta fara kaɗa ƙura, mata su kwashe shanya, a yi ta jira har a fara cewa ya baje, sai kawai ruwa ya ɓarke da tsawa? To haka suke gina kiɗan. Jita ɗaya za ta fara 'yar ƙaramar murya, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ta biyu ta shigo, mai ganga yana lallaɓawa, sai can su taka wasu 'yan akwatuna da ke gabansu a ƙasa, ƙara ta ninka. Duk gwanintar tana wajen jiran nan. Wanda ya yi gaggawar sakin tsawa ya yi asara, wanda ya ja rai fiye da kima ya sa mutane barci.

Sarakunan abin a garin nan su ne Mogwai, waɗanda suka kafu a 1995, kuma su da kansu ba sa son a kira kiɗansu da wannan suna. Na je kallonsu a Barrowland, wani tsohon ɗakin rawa da ke gabashin gari kusa da kasuwar Barras, mai ɗaukar mutum kusan 2,000. Tun a layi na ga kowa da 'yar robar toshe kunne. Wato mutum ya biya kuɗi don ya ji kiɗa, sannan ya toshe kunne kada ya ji. Na yi musu dariya a raina har zuwa lokacin da aka saki tsawar farko na ji haƙarƙarina yana amsawa. Kuma ba mai rawa. Garada da gemu, sun harɗe hannu a ƙirji, ido a rufe, suna gyaɗa kai. Ni da kwalbar Irn-Bru a hannu, lemon da mutanen nan suke ji da shi, ina ta waige ko zan ga mai taka rawa in bi bayansa. Da daɗi ya kai min karo na sa hannu a aljihu zan yi liƙi, na taɓo fam biyar, na lissafa ta a naira, hannun ya dawo da kansa.

Yanzu kuwa na zama alƙali. Lokacin hutun tsakar dare a wurin aiki, idan sabon faifai ya fito, ni ake jira in yanke hukunci, saboda abokin nawa ya ce kunnena bai gurɓata da karanta jaridu ba. Ma'aunina ɗaya ne: idan na iya faɗin daidai inda za a saki tsawa tun kafin a sake ta, faifan ya faɗi.

Da wannan ma'auni na kayar da Explosions in the Sky, 'yan Tekzas ta Amurka. Faifansu na 2003 ya yi kyau, ba musu, amma sun koya wa duniya hanya ɗaya, yanzu kowane yaro mai jita yana bin ta. Na 2023 sun sa masa suna End, mutane suka fara ta'aziyya, sai suka fito suka ce ba su daina ba. Ni dai na ji shi, tsaf-tsaf yake, ba ya cizo.

Sigur Rós kuma 'yan Ayisland ne, ƙasar da akwai ƙaramar hukuma a Kano da ta fi ta yawan jama'a. Su suna da mawaƙi, Jónsi, mai siririyar murya, wanda yake goga jitarsa da izga maimakon ya kaɗa ta. Wani lokaci da yaren da ba na kowa ba yake waƙar, sautuka ne kawai ya ƙaga. A 2002 sun fitar da faifai mai waƙa takwas, ba suna a jikin ko ɗaya. Sabon nasu, Átta, ya fito a 2023 bayan shekara goma ba su saki wani ba, cike da goge, ganga kuwa sai ka kasa kunne. Yana da kyau, amma kada direba ya sa shi a mota.

Mogwai ɗin nawa fa? A 2021 faifansu As the Love Continues ya zo na ɗaya a kasuwar Birtaniya, karo na farko bayan shekara 25 suna fama, kuma lokacin kullen korona suka naɗe shi, mai tace musu sauti yana Amurka yana ba da umarni ta intanet. Na bayansa, The Bad Fire, ya fito a Janairun 2025, shi ne na 11. Sun ƙara na'urori, har da muryar mutum da aka bi da ita ta cikin inji ta fito ba ka gane namiji ne ko mace. Hukuncina: rabinsa na ƙwarai ne, rabinsa aikin dattawan da suka san sana'arsu har ba sa gumi. Na faɗi haka a wurin aiki, abokina ya yi kwana biyu ba ya ba ni biskit.

Wanda ya ɗaure min jijiya shi ne na Godspeed You! Black Emperor, wata runduna daga Montiriyal ta Kanada, masu ganga biyu da mai goge mace, waɗanda suke kiɗa a cikin duhu ana haska tsofaffin finafinai a bayansu. Mutane ne masu taurin kai. A 2013 an ba su kyautar Polaris ta dalar Kanada 30,000, ba su je karɓa ba, suka ce za a sayi kayan kiɗa da kuɗin a kai wa fursunoni. Faifansu na Oktoban 2024 sun ƙi raɗa masa suna. Abin da suka rubuta a madadin suna shi ne kwanan wata, 13 ga Fabrairu 2024, da adadi, 28,340, yawan mutanen da aka kashe a Gaza zuwa wannan rana. Ba wanda ya rera baiti a ciki, amma ka san abin da ake nufi tun daga farko har ƙarshe. A wannan faifan ban iya cankar inda tsawa za ta sauka ba, kuma ranar ban yi wa kowa barkwanci ba.

Za ka ce me ya haɗa ɗan gidanmu da wannan. A watan Disamba rana takan faɗi a nan kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna tafe a jere, ka fito daga Babban Masallacin Gilasgo da ke Gorbals ka tarar dare ya yi. Kiɗan gida yana gaya maka kai ɗan wane ne, jikan wane, kuma idan na sa shi a irin wannan dare sai ya tayar min da kewar da ba ni da maganinta. Wannan kuwa bai san ni ba, bai san ubana ba, ba ya neman ko sisi a wurina. Sai ya bar min fili in sa wanda nake so a ciki. Har kai nakan sa, idan na rasa na kirki.

Tunda na san kanka ba ya ɗaukar abu sai da ƙwallo, ka fara da fim ɗin Zidane na 2006. An kafa masa kyamara 17 a wasan Real Madrid da Villarreal na Afrilun 2005, ba a bin ƙwallo, shi kaɗai ake bi yana tafiya yana tofar da yawu yana gumi, kuma Mogwai ne suka yi kiɗan. Kafin a tashi ma sai da aka ba shi jan kati, ka ga ya dace da halinka. Ka rage ƙarar waya kafin ka kunna, kuma kada ka sa shi kusa da Kawu.

Idan ka samu mai tahowa, a ɗauro min yajin ƙuli da daddawa da kuka, a naɗe daddawar da kyau don kada a tsare bawan Allah a filin jirgi. Kuɗin sharata na bana da na bara har yau ban ga alamarsu ba. Ka biya ta banki, ba na karɓar alkawari.

Naka,
Ubangidanka na Gilasgo